Mai Gida da Ɗan Haya: Yadda Zama Ke Ɗorewa a Madawa, Buza da Keita

A gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, yawancin masu zaman haya baƙi ne da aiki ya kawo: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da jandarmomi. A Madawa akwai kuma fataken albasa. A Keita, babban aikin raya karkara da aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO ya jawo ma'aikata da yawa, kowa yana neman wurin sauka da iyalinsa.

Irin waɗannan mutane sukan shekara da shekaru a gida ɗaya idan sun sami natsuwa. Abin da ke korarsu sananne ne.

Na farko shi ne damina. Soron ƙasa yana son yaɓe, indararo yana son gyara tun kafin ruwan fari. Wanda ya kwana yana tara ɗigo a kwano cikin Agusta, da wuya Oktoba ta same shi a gidan.

Na biyu, ƙarin kuɗi ba zato. Ga misali: gidan jika 15 a wata, in aka ƙara masa jika 2, ribar shekara jika 24 ce. Idan ɗan haya ya tashi, gidan ya yi wata 2 a rufe, an yi hasarar jika 30. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, rashin takarda. Nijar tana da dokar haya tun 1996. Ya kamata a rubuta kuɗin wata, da ranar biya, da wanda gyara ke wuyansa, da yadda za a raba kuɗin wutar NIGELEC, a gaban shaidu. Kowane biya kuma a ba da rasit.

Na huɗu, rashin mai gida a kusa. Mutanen Adar da yawa suna ci-rani a Abijan ko Nijeriya. Wajibi ne su bar wakili mai amana wanda za a kai wa kuka.

Sai kuma haƙuri. A shekarun 1990 albashin ma'aikata ya sha makara watanni. Wanda aka ɗaga wa ƙafa a irin wannan hali ba ya mantawa, kuma ranar da aka canza masa wurin aiki, shi ne zai kawo magajinsa har ƙofar gida.