Maƙera, Inda Noman Madachi Ke Farawa

Madachi gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Rano, maƙwabciyar Kibiya, a kudancin Kano. Dawa da masara da gyaɗa da wake su ke riƙe da gidajen garin, shi ya sa da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai maƙera ta cika maƙil. Wannan ya kawo fartanyar da bakinta ya cinye, wancan sungumin shuka, wani kuma garmar shanu ce ya ɗauro a bayan babur. Kowa "yau nake so" yake cewa.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Tarihin Kano ma da maƙeran da suka zauna gindin Dala suna narka tama ya faro, Rano kuwa tana cikin Hausa Bakwai. Yanzu ba mai haƙo tama. Tsohon ƙarfen mota da ragowar injuna ake saya a hannun 'yan gwangwan.

Aikin sai mutum biyu. Yaro na bayan zuga-zugi yana hura gawayi, na ƙirya in an samu, don shi ne mai wuta. Maƙeri ya kamo ƙarfen da awartaki in ya yi jajir, ya aza kan uwar maƙera, ya bi shi da masaba yana juyawa har baki ya fito. Gwaninta tana wajen tsoma shi a ruwa: in aka yi gaggawa fartanya ta yi gautsi ta ɓalle, in aka yi jinkiri ta lanƙwashe a ƙasa mai tsauri. Da launin ƙarfen yake gane lokacin. Sai ya huda ƙota da ƙarfe mai zafi, hayaƙi ya turnuƙe, ya dubi tsayin mai ita ya daidaita masa, don kada baya ya ƙage tun a noman firi.

Manomi da yawa ba ya da kuɗi a wannan lokaci. "Sai kaka, Sarkin Maƙera," in ji shi, kuma akan yarda, a biya da hatsi in amfani ya zo gida. Ni dai ban san wata sana'a da ke yi wa talaka irin wannan lamuni ba.

Madatsar ruwa ta Tiga, da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ta kawo noman rani a Bunkure da Kura, lauje ya samu kasuwa wajen masu shinkafa. Amma maganin feshi ya rage cinikin fartanya, gawayi ya yi tsada, 'ya'yan gidan ƙira da yawa sun koma acaɓa ko walda.

Masu raba taki da iri a Rano da Kibiya, ku sa maƙera cikin lissafinku. Injin hura wuta da ɗan jari kawai suke buƙata.