Awon Kaya: Kafaɗa Ce Ba Ta Gyaruwa

A goman ƙarshe na azumi, shagunan teloli a Makarfi da Ikara da Hunkuyi ba sa barci. Janareta na ƙugi, yaduka jibge har kusa da rufi, masu kaya na zarya. Rigima kuwa sai ranar karɓa: wannan hannun rigarsa ya tsaya a kan agogo, wancan wuyan ya shaƙe shi. Nan take a ce tela ya ɓata yadi. Wani lokacin haka ne. Amma ɓarna da yawa tun wajen awo take faruwa, kafin almakashi ya taɓa yadin, kuma da hannun mai kayan a ciki.

Da yawa daga cikinmu ba ma zuwa a auna mu. Sai a tura yaro da tsohon kaftani a ce "a yi kamar wannan", alhali kaftanin ya sha wanki ya tsuke, mai shi kuma ya ƙara jiki tun da aka ɗinka shi. 'Yan uwanmu masu sana'ar rake a Legas da Fatakwal kuwa ta WhatsApp suke turo lambobi, wanda ya auna su can daban, wanda zai yanka nan daban. Kowane tela da hannunsa: wani ainihin jiki yake rubutawa sannan ya ƙara sarari wajen yanka, wani da sararin yake rubutawa tun farko. In aka haɗa awon wancan da yankan wannan, ko dai a ƙara sau biyu ko a rasa ƙarin gaba ɗaya.

Shi kansa tef ɗin a duba shi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi ɗaya kuma inci 36. Sai dai akwai tef da ake shigowa da shi daga Sin mai ɗauke da incin ƙasarsu, wanda ya kai santimita 3.33. Gane shi ba wuya. Tef mai tsawon santimita 150, in na gaskiya ne, ɗaya gefen zai ƙare a wajen lamba 60, na Sin kuwa a 45 yake ƙarewa. Mai ƙirji 40 in aka auna shi da irin wannan zai fito 30 da ɗoriya, kuma tela mai tef na gaskiya zai yanka masa rigar yaro.

A kaftani da jamfa, kafaɗa ce uwa. Tsawo in ya yi yawa a rage, hannu a naɗe, gefe a tsuke. Kafaɗa kuwa a kanta wuya yake zaune, a jikinta hannu yake rataye, daga ita aikin gaba yake saukowa. Gyara ta sai an warware rigar kusan duka, kuma da wuya ta koma daidai. Ana aunata ta baya, daga ƙashin kafaɗa zuwa ɗan uwansa, mutum na tsaye yadda ya saba tsayuwa. Ban da turo ƙirji, ban da haɗiye tumbi. Wannan haɗiye tumbin, in gaya maka gaskiya, ya ci shadda mai yawa a ƙasar nan, don ba wanda zai iya wuni guda yana riƙe da numfashi a wajen ɗaurin aure. Mai tumbi ya ce a auna cikin daban, tunda ya fi ƙirjin faɗi. A wuya kuma, bari tela ya zura yatsa ɗaya tsakanin tef da fata.

Babbar riga lissafinta daban ne. Ba ta bin jiki, saboda haka mutane ke ɗauka kowace ta yi wa kowa. A'a. Faɗinta daga buɗewar hannuwa ake ɗaukarsa, don a samu abin naɗewa a ɗora bisa kafaɗa ya zauna. In ya gaza, sai ka ga mutum yana ta gyara riga tana zamewa. Tsawonta ya tsaya sama da idon sawu, don kada ta share ƙasa ko a taka ta wajen tasowa daga sujada. Ga kuma aikin: aska biyu ko aska takwas irin na masu ɗinkin hannu na birnin Zariya, wanda ake ɗaukar makonni ko watanni ana yi, an tsara shi ne da girman rigar. In aka datse rigar dogo aka ba gajere, aljihun zai sauka har cinya. Yadi goma aka saba saye don riga da 'yar ciki da wando, biyar don kaftani da wando, amma wannan na matsakaicin mutum ne, kuma faɗin yadi ya bambanta. Kafin ka tafi Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ka zube kuɗin shaddar Getzner, fara tambayar telanka nawa zai ishe ka.

Hula inci ce kawai: a zagaya kai ta saman kunne da tsakiyar goshi. Yawancin manya suna tsakanin 21 da 24, kuma rabin inci yana da tasiri. A auna bayan aski.

Sai kayan da ba a auna ka ba, wato kwat da rigar sanyi na gwanjo da ke cika kasuwa in hunturu ya kama. Lambar da ke wuyan kwat ɗin Ingila ko Amurka, 38 ko 40 ko 42, zagayen ƙirji ce a inci. Ta Jamus da Italiya goma take ɗarawa, wato 50 ɗinsu ita ce 40. Harafin da ke bin lambar tsayi yake nufi: S gajere, R matsakaici, L dogo. Wannan L ɗin ba ɗaya ba ne da na jikin rigar sanyi, wanda ke nufin babba. Akwai ma wata gajeruwar kwat da kan ɓullo a cikin dila, irin wadda mutanen Sukotland ke sawa a kan zanensu na gargajiya mai suna kilt. Da gangan ake yanke ta a ƙugu don kada ta rufe ninkin zanen, saboda haka a kan kaftani za ta yi kamar ta aro ko da ƙirjin ya yi daidai. Kowace ce dai, gwada ta a kan kayan da za ka sa ta da su, ka ɗaura maɓalli, ka miƙa hannuwa gaba kamar mai riƙe da kan babur. In baya ya ɗaure, ajiye ta komai arharta.

Iyaye masu cewa a ƙara wa yaro "saboda girma", ku sa ƙarin a lanƙwasar ƙasan riga da ta ƙafar wando, inda za a iya warwarewa baɗi. Kafaɗar a bar ta daidai jikinsa.

Ga mai shirin ɗinkin Sallah ko na biki, ka je da ƙafarka a auna ka, tun kafin shago ya cika, ka sa a rubuta awon da kwanan wata, kai ma ka riƙe naka. In shekara ta zagayo, a sake.