Baƙin Agwagin Tafkin Chadi: Tsakanin Fari Da Bakin Bindiga

Duk wanda ya san ƙasar Borno ya san cewa idan damina ta ɗauke, hunturu ya kawo jiki, akan ga garkunan tsuntsaye suna keta sararin sama da almuru, sun nufi Tafkin Chadi da fadamun Kogin Yobe. Da yawa daga cikinsu agwagin ruwa ne, kuma ba duka ne 'yan ƙasa ba. Dinya da kirinjijiya a nan Afirka suke ƙyanƙyasa, amma akwai wasu ƙananan agwagi da suke tasowa tun daga Turai da ƙasar Rasha, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su iso wajen watan Oktoba, sa'an nan su juya gida wajen watan Maris.

Abin da ke koro su shi ne sanyi, domin ruwan ƙasashensu yana daskarewa, abinci ya gagara. Abin da ke jawo su nan kuwa shi ne ambaliyar da ke malala a fadamu bayan damina, inda suke samun 'ya'yan bado da na ciyayi da shinkafar da ta zube a gona. Wurare uku ne manyan masaukansu a kudancin Sahara: bakin Kogin Senegal, da fadamar Kogin Kwara a ƙasar Mali, da kuma Tafkin Chadi. Saboda haka yawan agwagin da za su koma Turai su yi ƙwai ya danganta ƙwarai da irin ruwan da aka samu a waɗannan wurare.

A shekarar 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya raba shi gida biyu, sa'an nan na 1983 da 1984 ya ƙara tsuke shi har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Garin Baga, wanda a dā yake a bakin ruwa, ya wayi gari tafkin ya yi masa nisa. A waɗannan shekaru kuma aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke sauka fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Idan ruwa ya ƙaranta, agwagi sukan cunkushe a 'yan tafkuna kaɗan, abinci ya yi musu wuya, su kasa tara kitsen da za su ƙetare hamada da shi. A nan ne kuma maharbi da mai raga suke samunsu cikin sauƙi.

To, ina doka take? Tun a 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji wadda ta tanadi lasin farauta, jihohi kuma suka gaje ta. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi doka mai lamba 11 don tsare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A 1991 aka kafa Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Chadi, mai hedkwata a Maiduguri, wanda ya haɗa da mafakar tsuntsaye ta Dagona, inda Yarima Philip na Ingila ya kai ziyara a 1989. Nijeriya ta kuma shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Sai dai doka a takarda daban, aiki da ita daban, balle ma bayan rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga sassa da dama na tafkin, musamman bayan harin Baga na Janairun 2015.

Akwai darasi a abin da Amurka ta yi. Bayan fari ya rage agwaginta, a 1934 ta wajabta wa kowane maharbin agwagwa sayen kan sarki na musamman, ana sayen fadamu da kuɗin. Tun 1955 ake ƙidayar tsuntsayen kowace shekara, kuma da sakamakon ƙidayar ake yanke tsawon lokacin farauta da adadin da mutum zai harba. A 1991 ta hana harbin agwagi da harsashin dalma, domin tsuntsaye suna haɗiye ƙwayoyinsa a cikin laka su mutu.

Ba wanda zai ce talakan bakin tafki ya daina neman nama, ko manomin shinkafa ya zuba ido tsuntsu ya cinye masa gona. Abin da ake bukata shi ne hukumomin Borno da Yobe da Jigawa su riƙa ƙidaya, su tsananta hani a shekarar fari, su sassauta a shekarar ruwa, su jawo sarakunan ruwa da na maharba cikin aikin, a kuma riƙa sako ruwa daga madatsu a kan lokaci. Fadamar da ke ciyar da agwagwa ita ce ke ciyar da masunci da makiyayi da manomi, ranar da ta ƙafe kuwa duk tare za su yi ƙaura.