Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Kamfanonin fasaha sun shiga tallata wa 'yan kasuwa wasu manhajoji na ƙirƙirarriyar basira da ake kira wakilai, waɗanda aikinsu ya wuce amsa tambaya. Wakili yakan duba farashi, ya rubuta takardar ciniki, har ya tura kuɗi, ta hanyar ƙananan manhajojin da aka haɗa shi da su, wato kayan aikinsa. Kamfanin OpenAI na Amurka ya buɗe wa masu ƙera manhaja irin wannan hanya a watan Yunin 2023, sannan a watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP domin daidaita yadda ake yin haɗin.

Abin lura shi ne, wakili ba ya ganin cikin kayan aikin. Iyakar abin da ake miƙa masa shi ne suna, da 'yan layukan bayani, da jerin guraben da zai cike. Da su kaɗai yake zaɓen wanda zai ɗauka, tamkar sabon yaron shago da maigida ya bar wa takarda ya yi tafiya.

Alal misali, a ɗauki ɗan kasuwar da ke sayen masara a Kasuwan Magani, cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru, yana kuma sayen citta a Kachia da Kafanchan. In bayanin ya ce kawai kayan aikin "yana kawo farashin citta", an bar baya da ƙura. Ɗanya ko busasshiya? Buhu, kilo ko tan? A wace kasuwa, kuma na wace rana? Bayan cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka wakilin da ya ɗauki tsohon farashi a matsayin na yau zai iya karya jarin mai shi a ciniki guda.

Bayani mai inganci yakan amsa tambayoyi huɗu: me kayan aikin ke yi, yaushe ake amfani da shi kuma yaushe ba a yi, me za a sa a kowane gurbi da wane ma'auni, sannan me zai dawo da shi. Wajibi ne a fayyace ko dubawa kawai yake yi, ko kuwa yana taɓa kuɗi. Haka nan ma'aunai irin su mudu da tiya suna bukatar fassara, domin girmansu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Sai dai karanta bayani bai isa a tabbatar da ingancinsa ba, sai an gwada. Akan tattara ayyuka na gaske daga littafin ciniki, a ba wakili, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cike gurabe daidai, da sau nawa ya tsaya ya yi tambaya maimakon ya yi kirdado. Daga nan sai a gyara bayanin, a sake gwaji da wasu ayyukan da aka keɓe tun farko. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fara wallafa jadawalin auna ƙwarewar manhajoji wajen kiran kayan aiki a 2024, amma wannan ba zai maye gurbin gwaji da kayan mutum na kansa ba.

Bugu da ƙari, akwai batun tsaro. A watan Afrilun 2025 kamfanin bincike na Invariant Labs ya nuna cewa ana iya ɓoye umarnin cuta a cikin bayanin, wakili ya karanta ya bi, alhali mai shi bai gani ba.

Don haka, kafin ɗan kasuwa ya sa hannu a yarjejeniya, ya kamata ya nemi a nuna masa cikakken bayanin kowane kayan aiki da sakamakon gwaji, a riƙa sanar da shi duk lokacin da aka sauya bayanin, kuma kada kobo ya fita daga asusunsa sai da amincewar mutum.