Baƙin kwaɗon Carnobil da sauron da ya daina jin magani

Da yawa daga cikinmu mun lura cewa maganin sauron da a shekarun baya ke share ɗaki cikin ɗan lokaci, yanzu sai a fesa shi, sauro ya faɗi, can cikin dare ya tashi ya ci gaba da kuka a kunne. Mun saba ɗora laifin kan mai kanti, mu ce jabu ya sayar mana. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa sauron ne ya sauya, kuma don mu gane yadda hakan ke faruwa sai mun fara leƙa wani wuri mai nisa.

Ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Carnobil, a ƙasar Yukren ta yanzu, ta yi bindiga. An kwashe mutane sama da dubu ɗari, aka killace kilomita 30 kewaye da tashar. Da mutane suka tashi sai daji ya cinye garuruwa, kyarkeci da aladun daji suka yawaita. Tsakanin 2017 da 2019 wasu masana biyu, Pablo Burraco da Germán Orizaola, suka duba kwaɗin bishiya kimanin 200 a ciki da wajen yankin. Asalin wannan kwaɗo kore ne shar. Na kusa da tashar kuwa sun fi duhu sosai, wasu ma baƙaƙe wuluk.

Sinadarin da ke baƙanta fata, melanin, wanda mu ma muke da shi, yana rage ɓarnar da tururin nukiliya ke yi wa ƙwayoyin jiki. Bayanin masanan shi ne, tun kafin haɗarin akwai 'yan tsirarun kwaɗi masu duhu. Lokacin da tururin ya yi tsanani su suka fi tsira, suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji launin. Abin da ya ƙarfafa wannan bayani: duhun ya fi yawa a wuraren da tururin ya fi muni a 1986, ko da ya ragu a yau.

A nan ɗalibai kan yi kuskure, su ce kwaɗon ya saba da guba. Babu kwaɗo ɗaya da ya saba. Masu rauni sun mutu, aka bar masu juriya da tafki. Kuma kwaɗo yana nan kwaɗonsa. Makiyayin da ke zaɓen bijimin da zai bari a garke ya san wannan aiki sarai, sai dai a Carnobil guba ce ta yi zaɓen. An taɓa ganin irinsa a Ingila, inda hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa: a 1848 aka fara samun baƙin nau'in wani malam-buɗe-littafi na dare a Mancesta, kafin ƙarshen ƙarnin ya kusa shafe farin, domin tsuntsaye sun fi hango farin a jikin baƙin itace.

To mu dawo gida. Kusan duk gidan sauro mai magani, wanda a Nijar muke kira sange, an daɗe ana jiƙa shi da dangin magani ɗaya, piretroyid. Irin wannan magani kuma shi ake fesa wa auduga a Burkina Faso da Benin da arewacin Kamaru, shi masu lambu ke zuba wa kayan miya a bakin birane, ruwa ya wanke shi zuwa kududdufan da sauro ke ƙwai. Sauro yana girma daga ƙwai cikin kamar mako biyu, don haka a shekara guda ana iya samun zuriya fiye da goma. Abin da ya ɗauki kwaɗo shekaru talatin, sauro yana yin sa cikin 'yan damuna. Tun 1998 aka bayyana sauyin ƙwayar gado da ke hana maganin kama jijiyar sauro a Afirka ta Yamma, wasu kuma jikinsu na narkar da maganin kafin ya kashe su.

Birni ma ya yi nasa zaɓen. An san sauron zazzaɓin cizon sauro da son ruwa mai tsabta, amma a Yawunde da Duwala an tarar da tsutsotsinsa cikin ruwan kwata mai ƙazanta.

Wani zai ce, ashe ratayar sange ba ta da amfani ke nan. Wannan magana ce mai haɗari, mun kuma ji ta a bakin iyaye. Ko maganin ya yi rauni, raga mara huji tana tsare yaro daga cizo. Kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da sabon sange mai magani biyu, piretroyid da kulofenafir, a wuraren da sauro ya daina jin na farko. Idan an zo rabo a unguwa, ya dace mu tambayi ma'aikacin lafiya wane iri aka kawo, mu ɗinke wanda ya yage, masu lambu kuma su tsaya kan awon da aka rubuta a jikin kwalba.