Wifi a falo, inna a ƙuryar gida: yadda za a kai rezo kowane ɗaki

Da ƙarfe tara na dare, lokacin da ƴan ci-rani a Abijan, Tarabulus ko Faransa suka samu sararin kiran gida, wayoyi kan fara ƙara a unguwannin Maraɗi da Damagaram. A lokacin ne za ka ga tsohuwa ta jawo tabarma zuwa bakin ƙofar falo, domin nan ne kaɗai hoton WhatsApp ba ya daskarewa. Ɗanta da ke waje shi ya turo kuɗin akwatin wifi, shi ke biyan kuɗin wata, amma rezo ya ƙi isa ɗakin wadda aka saya dominta.

Da yawa kan ɗora laifin a kan kamfani, ko Airtel ne, ko Moov Africa, Zamani Telecom, Niger Telecom, ko Starlink da ya fara aiki a hukumance a Nijar a shekarar 2025. Kafin ka yi haka, ka tsaya kusa da akwatin ka buɗe bidiyo. Idan a nan ma yana tsinkewa, matsalar daga waje take, kuma babu na'urar da za ka ƙara ta gyara. Idan kuwa yana tafiya sumul, to ginin gidanka ne ke cinye rezon.

An ƙera waɗannan akwatuna ne domin gida guda mai ɗakuna a haɗe. Namu kuwa sassa ne a warwatse, ga zaure, ga tsakar gida, ga katangar ƙasa mai kauri ko ta siminti da rodi. Kowace katanga tana rage ƙarfin rezo, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi kuma mayar da shi suke yi baya. Ruwa ma yana shanye shi, saboda haka tanki ko jerin randuna a kan hanyarsa cikas ne.

Gyaran farko ba ya cin ko dala. A fitar da akwatin daga bayan talabijin ko cikin kabad, a rataye shi sama da kai, a ɗakin da ya fi kusa da tsakiyar gida, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. Sai dai a kiyaye rana. Galibinsu an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu garuruwanmu kan zarce haka.

Sannan a duba sunayen da ke fitowa a waya. Akwatuna da dama na watsa rezo iri biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na biyun ya fi sauri, amma katanga ɗaya ko biyu kan karya shi. Na farkon ya fi cin nisa, shi ya dace da ɗakunan ƙurya.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai a sayi ƙaramar na'urar da ake kira repetar, wadda ke karɓar rezo ta sake watsa shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona ta a cikin ɗakin da babu rezon, alhali abin da ta samu shi take bayarwa. Wurinta shi ne rabin hanya, inda waya ke nuna sanda uku. A kuma sani cewa masu arha kan rage sauri da kusan rabi, domin da baki ɗaya suke karɓa suna mayarwa.

A gida mai sassa da yawa, babu kamar jan waya. Kebul ɗin intanet na iya kai mita 100 ba tare da sauri ya ragu ba. A ja shi daga babban akwati zuwa sashen da ke nesa, a saka shi cikin tiyo saboda rana da ruwan damina, a jona masa akwati na biyu. Ko tsohon akwatin da aka ajiye zai iya wannan aiki idan wanda ya iya ya saita shi.

Sai maganar kuran. In Nigelec ta ɗauke wuta, kowace na'ura a layin za ta mutu. Yawancin ƙananan akwatunan da wutar bolt 12 suke aiki, don haka ɗan batirin ajiya zai riƙe su na wasu sa'o'i, amma kowanne yana buƙatar nasa.

Rezon da ya isa ƙuryar gida ya isa titi ma. A canza lambar sirrin da ta zo da akwatin, a zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3, in ba haka ba majalisar ƙofar gida za ta riga inna cinye kuɗin watan. Mai niyyar sayar wa maƙwabta da tikiti kuma ya sani cewa wannan kasuwanci ne da ke buƙatar izinin hukumar ARCEP.

Ga wanda ke waje, kafin ka sake turo kuɗin sabuwar na'ura, sa ƙanenka ya shiga ɗakin inna, ya rufe ƙofa, ya kira ka da bidiyo daga kan gadonta. Idan ka ga fuskarsa tar, aiki ya yi. Idan ba haka ba, a fara da ɗaga akwatin.