Iyo a tabki: amfaninsa da abin da za a kiyaye

Ƙasar Damagaram ba ta da babban kogi irin na Yamai. Ruwanmu na tabki ne. In damina ta kankama, cikin watan Yuli da Agusta, tabkuna da kududdufai suna cika, yara su yi ta faɗawa ciki. Akwai kuma ruwa mai daɗewa, kamar tabkin Gidimuni da ke kan hanyar Gure. Manya da yawa suna ɗaukar iyo wasan yara ne. Alhali motsa jiki ne mai kyau, in an san yadda ake yin sa da inda ake yin sa.

Mai iyo yana aiki da hannuwa da ƙafafu da baya da ciki, duk a lokaci guda. Zuciyarsa tana ƙara ƙarfi, numfashinsa yana ƙara tsawo. Ruwa kuma yana ɗauke wa mutum nauyi. Wanda ya tsaya cikin ruwa iya wuya, ƙafafunsa na ɗauke da kamar kashi 1 cikin 10 na nauyinsa kawai. Shi ya sa mai ƙiba ko mai ciwon gwiwa, wanda gudu ke ba wuya, yake samun sauƙi cikin ruwa.

Manomi mai hauya da mace mai daka ba su rasa motsa jiki ba. Maganar ta fi shafar mai zaman kanti, da direba, da ma'aikacin biro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a sati. Wato minti 30 ke nan kullum, kwana 5.

Shin iyo yana rage ƙiba? Yana ragewa, amma ruwa ba ya wanke kitse kamar yadda yake wanke dauɗa. Kitse yana raguwa ne in aikin da jiki ya yi ya fi abincin da ya shiga ciki. Ga shi kuma iyo yana sa yunwa ƙwarai. In ka fito ka zauna gaban ƙosai da shayi mai sukari cike da kofi, an gudu ba a tsira ba. Kuma ba aikin sati guda ba ne, sai an yi watanni.

Akwai masu iyo na dogon zango. A shekara ta 1875, wani Bature mai suna Matthew Webb ya ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa. Faɗin wurin kamar kilometir 34 ne, ya yi kusan awa 22 cikin ruwa. Tun shekara ta 2008 ana tseren kilometir 10 a buɗaɗɗen ruwa cikin wasannin Olamfik, gwanaye suna gamawa cikin kamar awa 2. A ƙasar Hausa ma, ana gasar iyo a bikin kamun kifi na Argungu. Babu ɗaya cikinsu da ya fara da nisa. Da kaɗan kaɗan suka kai.

Ga yadda ake farawa. Nemi wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba, ƙasa kuma ba taɓo. Kafa sanda biyu a bakin ruwa, tsakaninsu taki 50. Yi iyo daga wannan zuwa waccan, kana bin gefe. Kada ka nufi tsakiya. Nisan ɗaya ne, amma a gefe in ka gaji sai ka miƙe tsaye. Huta, ka dawo. Ran farko sau 4 ya isa. Kowane sati ka ƙara kaɗan. Fitar da numfashi cikin ruwa, ka shaƙa in ka juya kai. Koyi kwanciya rigingine a kan ruwa, don ita ce hutun mai iyo. Ɗaura jarka maras komai mai murfi a ƙugunka da gajeriyar igiya, ta riƙa bin ka a baya.

Kada ka shiga kai kaɗai. A samu wani a bakin ruwa da doguwar sanda ko igiya. In mutum yana nitsewa, miƙa masa za a yi. Wanda ya faɗa ceto bai ƙware ba, sau da yawa su biyu ake rasawa. A duniya, mutane kamar 300,000 ruwa ke ci kowace shekara, da yawansu yara ne. A nan, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini ya fi kowane haɗari. Bakinsa iya gwiwa, taki guda gaba ya shanye mutum. Mai farfaɗiya kuwa, kada ya shiga ruwa babu mai tsaron sa.

Sai babbar magana, wato tsargiya. Nijar ta rabu da kurkunu, an tabbatar da haka a shekara ta 2013. Amma tsargiya tana nan cikin tabkuna. Mai ciwon yana fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa. Daga can ƴan tsutsotsin da ido ba ya gani suke fitowa, su huda fatar mai wanka. Ba sai an sha ruwan ba. Sun fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son wanka.

Wasu suna cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ciwo ne, yana rage jini, in ya daɗe ya ɓata mafitsara da ƙoda. Tabkin da yaran gari suke wanka suna fitsarin jini, ba wurin neman lafiya ba ne, komai kyan ruwansa. A nemi wani. Kowa kuma ya daina fitsari da bayan gida cikin ruwa ko bakinsa.

Tsargiya tana da magani, sunansa farazikantel. Tun shekara ta 2004 aka soma raba shi ga ƴan makaranta a Nijar. Ana auna tsawon yaro da sanda, a ba shi ƙwayoyin da suka dace da shi, ya sha bayan ya ci abinci. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana wata shiga. Wanda ya saba shiga tabki, yaro ko babba, ya je gidan likita a duba fitsarinsa bayan damina, ko da bai ga jini ba.